Wasanmu na Safiyar Juma'a

Mijina ne ya koya min jifan faifai. Ina cewa mijina ne don a lokacin da waɗannan abubuwa suka faru aurenmu na nan. Yanzu shekara biyu ke nan da rabuwarmu.

A unguwar Sa'alaba ta birnin Jidda aka haife ni, a nan kuma aka haifi mahaifiyata, wadda muke kira Ummi. Kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Katsina, ya zauna bai koma ba. Ban taɓa taka Najeriya ba. Hausata ta gida ce, rabinta Larabci. Shi kuwa mutumin Zariya ne, wani kamfani ya kawo shi Jidda yana aikin na'urorin sanyaya ɗaki a manyan gine-gine. Mun haɗu a ƙaramin asibitin da nake aiki a unguwar Sharafiyya, inda nake rubuta sunayen marasa lafiya, ina kuma yi wa likitoci tafinta. Ya zo da yanka a hannu, na tambaye shi lambar iƙama, wato katin izinin zama, da Hausa, ya tsaya yana kallona kamar ya ga 'yar gidansu. Bayan wata takwas aka ɗaura mana aure. Ya kama mana gida layi biyu daga na Ummi.

A shekararmu ta biyu ya fara fita da sassafe ranar Juma'a, da wata jaka a kafaɗa. Ya dawo da gumi yana fara'a. Da na tambaye shi, sai ya zazzage jakar a tsakar ɗaki. Faya-fayan roba ne guda huɗu, kowanne da launinsa, kamar murafen tukwane.

"Wannan ne ya raba ka da barcin Juma'a?" na ce.

"Ki biyo ni sau ɗaya kawai," ya ce. "In bai burge ki ba, halas, shi ke nan, ba zan sake yi miki maganarsa ba."

Hadiƙar da suke wasan tana can arewa, kusa da teku, filin shaƙatawa ne na kowa da kowa, mai ciyawa da dabino da 'yan dalbejiya. Abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro abin, wasu mutanen Filifin da matansu, da wani dattijo ɗan Afirka ta Kudu. Suna zuwa da kwanduna na ƙarfe a bayan mota. Kowane kwando a kan sanda yake tsaye, da sarƙoƙi suna lilo a samansa. Sai su kakkafa su nesa da juna kafin mutane su cika wurin. Za ka tsaya a alama ka wurga faifai, inda ya faɗi ka je ka ɗauka ka sake wurgawa, har ya shiga kwando. Zango tara ake yi. Wanda ya gama da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci.

Jifana na farko, hannun abayata ya sarƙe da faifan, ya koma baya ya bugi gorar shayin dattijon nan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matan suka yi dariya har ɗaya ta durƙusa. Shi kuma ya zo ya tsaya bayana, ya ce, "Kada ki jefa shi kamar dutse. Ki jawo shi ta gaban ƙirjinki kamar kina jan igiya, sannan ki sake shi." Na gwada. Na uku ya tashi a kwance, ya yi tafiya cikin iska shiru, ya lanƙwasa hagu ya sauka a hankali. Ban san lokacin da na yi ihu ba.

A makon nan na ɗinka roba a bakin hannun wata tsohuwar abaya. Daga nan kuma ban sake fashin Juma'a ba sai da dalili.

Ya fi ni nisan jifa, ni kuma na fi shi saiti idan an zo kusa da kwando. Yakan kai faifansa gindin sanda da jifa biyu, sannan ya ɓata uku yana bugun ƙarfe. Ni sai in lallaɓo a baya, in saka nawa, sarƙa ta yi ƙara. Yakan riƙe ƙugu ya ce matan Jidda ba su da tausayi. Zango na bakwai ne muka fi jayayya a kai, don kwandon yana bayan wata dalbejiya mai faɗi, iskar teku kuma tana tura faifai cikin rassanta. Sau da yawa sai mun jefi faifai da takalmi kafin ya faɗo. Kafin rana ta yi zafi mun gama. Mu bi ta unguwar Bab Makka mu sayi ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, mu kai gidan Ummi mu karya tare, sannan ya tafi masallaci.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun je wurin likitoci, aka ce mu yi haƙuri, babu abin da aka gani. Bai taɓa nuna min a fuska ba. Ina ganin wasan nan ya ɗauke mana wani nauyi, don a hadiƙa babu mai tambayarmu yara nawa.

A shekara ta huɗu ƙodar Ummi ta gaza. Aka sa ta a kan wankin ƙoda sau uku a mako. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, yayana kuma yana can nesa a birnin Dammam da iyalinsa, aikinsa ba ya barinsa ya zo sai a hutu. Ni ce mai kai ta, ni ce mai auna mata ruwan sha da ƙaramin kofi, ni ce mai hana ta gishiri. Mijina ne ke ɗaukarta a hannu ya sauko da ita daga bene ranar da jiri ya kama ta. Tana ce masa ya waladi, wato ɗana, shi kuma yana ce mata Umma.

Wata Juma'a na lura ba ya magana. Ya wurga faifai ya faɗa hanyar masu tafiya, bai ko tsaki ba. A zango na biyar ya bar sauran suka yi gaba, ya tsaya yana juya faifan a hannu.

"Kamfani ba zai sabunta kwangilata ba," ya ce. "Aikin ya ƙare. Sun ba ni wata biyu."

"To sai ka nemi wani kafili da zai tsaya maka ka ci gaba da zama."

"Wata uku ke nan ina nema. Ban faɗa miki ba ne don ina sa rai."

Na tsaya ina kallon ciyawa. Can gaba wata daga cikin matan tana ɗaga mana hannu, tana cewa yalla, mu taho.

"Akwai aiki a Kaduna," ya ce. "Gida kuma na riga na fara ginawa, kin sani. Mu tafi tare."

"Ummi fa?"

"Mu tafi da ita."

"Ka san ba za ta je ba. Ko ta yarda, wa ta sani a can? Nan likitocinta suke."

Muka ƙarasa zangunan da suka rage. Ban tuna wanda ya ci ba.

Da na gaya wa Ummi, tana zaune a kan darduma bayan la'asar. Ta ce ita ba za ta bar garin da kabarin mijinta yake ba. Sannan ta ce, "Ke kuma ki bi mijinki. Mace ba ta zama don uwa. Yayanki zai san yadda zai yi." Ta faɗe shi da ƙarfi. Na san yayana ba zai iya ba, ita ma ta sani.

Muka yanke shawara da shi cewa zai tafi, ni in zauna shekara ɗaya. Ko ya samu wata kwangilar ya dawo, ko a samu wanda zai riƙe Ummi. Ya ce shekara ɗaya ba komai ba ce. Na ce haka ne.

Juma'arsa ta ƙarshe, mutanen suka zo da kek da lemo. Muka yi wasa kamar kullum. A zango na tara faifansa ya sauka taku biyu daga kwando, nawa yana can nesa. Ya tsaya ya ƙi sakawa.

"Saka mana," na ce. "Kowa kai yake jira."

"In na saka an gama," ya ce.

Dattijon nan ya juya baya yana gyara igiyar takalminsa da ba ta kwance ba. Ni na je na ɗauki faifan na miƙa masa. Ya saka. Ya bar min jakar gaba ɗaya, bai ɗauki ko ɗaya ba, ya ce a can ba shi da abokin wasa.

Na mayar da gidanmu ga mai shi, na koma ɗakina na 'yan mata. Kullum muna waya bayan magariba. Ya nuna min ginin ta bidiyo, ya ce ga kicin, ga inda zai dasa mangwaro, ga fili a baya da zai isa kwando ɗaya. Ni kuma ina ba shi labarin Juma'a, jifa nawa na yi, wa ya maƙale a dalbejiya. Na ci gaba da zuwa, matan suna biyowa su ɗauke ni. Amma duk jifan da ya yi kyau sai in waiga, in ga babu wanda nake waigawa dominsa.

Shekara ta cika. Kwangila ba ta samu ba. Ya zo umra sau ɗaya, muka yi kwana tara tare, ya koma. Shekara ta biyu ta shiga, ta fita. Yayana ya gwada ɗaukar Ummi zuwa Dammam, ta yi mako uku ta daina cin abinci, ya dawo da ita.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Duk wayar da za mu yi, yakan fara da, "Ya jikin Umma?" Da zuciya ɗaya yake tambaya, na san shi. Amma wata rana na dawo da ita daga wanki, ta ji daɗin jikinta, har ta ci abinci da kyau ta yi raha da maƙwabciya. Ya kira, ya tambaya, na ce, "Alhamdulillahi, yau da sauƙi sosai." Sai na ji muryata babu farin ciki a cikinta. Shi ma ya yi shiru kaɗan kafin ya ce masha Allah. A cikin shirun nan na gane abin da muke jira mu biyu. Ba kwangila muke jira ba, ba kuma yayana ba. Hanya ɗaya ce ta rage da zan je Kaduna, kuma ba na iya faɗin sunanta.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Ummi ta ji kukana.

Na yi wata guda ina juya maganar. Ranar da na faɗa masa, daga hadiƙa na kira shi, bayan an gama wasa ana kwashe kwanduna. Na zauna a kan benci.

"Ina so ka sawwaƙe min," na ce.

"Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. Wallahi ba ka yi ba. Ba na so in riƙa kallon uwata ina lissafin kwanakinta. Kai ma shekarunka tafiya suke, kana zaune kai kaɗai a gida mai ɗaki huɗu."

"Na ce miki na gaji ne?"

"Ni ce na gaji da abin da nake zama."

Ya ce in ƙara tunani. Ya kira yayana, ya sa yayarsa ta kira ni. Wata uku muna a haka. Daga ƙarshe ya aiko da takarda, saki ɗaya, da saƙo a ƙasa cewa ƙofa a buɗe take har idda ta cika. Idda ta cika ban ce komai ba. Bara na ji ya yi aure, kwanan nan kuma an haifa masa 'ya mace. Na aika masa da barka, ya amsa da addu'a.

Ban taɓa gaya wa Ummi dalilin ba. Na ce mata nisa ne. Ta dube ni ta daɗe, ba ta ƙara tambaya ba.

A sanyin da ya wuce, wata Alhamis, ta ce gobe in tafi da ita ta ga wannan wasa da nake tashi dominsa tun asuba. Na yi mamaki, don ba ta taɓa nuna sha'awa ba. Na ɗauki keken guragu, muka hau tasi. Yawancin mutanen da muka fara da su sun koma ƙasashensu, dattijon ma ya tafi, saura mu biyar da kwando uku. Na ajiye ta a inuwa, na lulluɓe mata ƙafa da bargo. Ta kalle mu har muka gama.

Da na dawo wurinta ta ce in ba ta faifan ta gani. Ta juya shi, ta shafa gefensa inda ya karce.

"Shi ma haka yake jifa?" ta ce.

"Ya fi ni nisa."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Na cuce ki, ya binti, 'yata."

Na durƙusa a gaban keken na ce ba ta cuce ni ba, ni na zaɓa, ko yau aka sake tambayata abin da zan zaɓa ke nan. Gaskiya na faɗa mata. Ta sa hannu a kaina, muka yi kuka mu biyu, masu wucewa suna kallonmu. Sannan ta ce rana ta fara dukanta, in kai ta gida.

Har yanzu tana nan da ranta, alhamdulillahi. Gobe Asabar muna da wanki ƙarfe bakwai.