Zaren Ulun Velaphi Magagula

A ƙofar tsohuwar motar Velaphi Magagula akwai rubutu da farin fenti: "Ban taɓa juya tiyo ba." Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injinan sare itace a gandun katako na Sabie, kuma duk wanda ya zauna cin tuwon masara da shi ya ji wannan magana kafin loma ta biyu.

A jikin kowane inji akwai bawul, dunƙulen ƙarfe mai ƙofofi da ke raba mai. Direba na danna maɓalli sai ƙofa ta buɗe. Wata ta aika mai ya juya sarƙar zarto, wata ta tura zarton cikin gindin itace, wata ta matse hannayen ƙarfen da ke riƙe itacen. Tiyo goma sha biyu ne ke ɗaukar man daga bawul ɗin, duk baƙaƙe. In aka sa wani a gurbin wani, injin zai yi abin da ba a aike shi ba.

Dabarar Velaphi zaren ulu ce. Matarsa MaShongwe tana saƙa huluna, shi yana kwashe guntaye. Kafin ya kwance tiyo sai ya ɗaura masa zare, ya ɗaura mai launi iri ɗaya a mazauninsa.

Wata Talata a Oktoba, saura wata uku ya yi ritaya, ya kwance bawul ɗin injin da Thulisile Mnisi ke tuƙawa. Ya ɗaura zaren, amma hannunsa duk mai, ƙullin bai kama ba. Ya tafi cin abinci. Da ya dawo, ko sili ɗaya babu.

Thulisile ta ce a aika ofis a ɗauko takardar zanen injin. Ya ƙi, wai hannunsa ya fi takarda karatu. Ya haɗa tiyon, ya ce ta gwada.

Ta danna maɓallin zarto, injin ya rungume itacen ƙam. Ta danna na saki, zarto ya leƙo, ya yanki iska, ya koma. Velaphi ya ce man ne bai yi zafi ba. Ma'aikata suka fara taruwa.

"Kawu," in ji Thulisile, "itacen nan sare shi aka ce in yi, ko aurensa?"

Ya hau injin ya raɗa mata shawara: ta koyi danna maɓallan a juye, na wata uku kacal, har ya yi ritaya da sunansa ba tabo. Ta ce ita da shekara arba'in da biyar ba za ta sake koyon dama da hagu ba.

Ana cikin haka wani mai ɗaukar gungume ya nuna sama. A reshe ga sheƙar tsuntsu sabuwa fil, an saƙa ta da zaren ulu ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Velaphi ya ga zarensa a sheƙar, ya ce a kawo takardar. Minti ashirin gyaran ya ɗauka.

Kwana biyu ya yi yana gardamar cewa laifin tsuntsu ne. Ba wanda ya yarda, har MaShongwe. Ranar Juma'a ya ari fenti ya ƙara a ƙasan rubutun: "Sai ranar tsuntsu."

Yanzu ƙulli uku yake yi, kuma yana cin abinci fuskarsa na kallon injin.