Malamar Da Ta Hana A Auna Yaro Da Kunne

Gatanan gatananku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma wannan ba ta Gizo ba ce, mai ita tana nan da ranta, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Malamar 'yan aji ɗaya ce, yara na ce mata Inna Malama. Kafin a gama sharar makaranta ta iso da kwandonta, cike da murafun kwalba da ƙyallaye da 'yar ƙararrawa. A ƙasa take zama da yaro, ta kaɗa ƙararrawa a bayansa ta ga ko zai waiwayo, ta baza murafu ta ga yadda zai kasa su. Da haka take gane mai ji da mai gani, da wanda tsoro ne kawai ya ɗaure masa harshe.

Da can ba haka ake yi ba. Ranar ɗaukar sababbin yara hedimasta ke zama a bayan tebur a baranda, yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya kamo, ya isa shiga makaranta. In bai kamo ba, sai baɗi.

A shekararta ta farko, tana tsaye gefen teburin, sai ga wani tela da 'yarsa. Tun haihuwa hannayen yarinyar a gwiwar hannu suka tsaya. Hedimasta ko ɗaga kai bai yi sosai ba ya ce, "Sai baɗi."

Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, tare da ƙaninta na fara kawo ta, shi yanzu yana aji huɗu. In yau ma baɗin ce, na haƙura, ta zauna gida."

Malama ta durƙusa ta ce, "Buɗe bakinki, 'yata." Tana gani ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Wannan ai ta gama famfara! Ranka ya daɗe, hannun ake jira ya tsiro?"

"Ƙa'ida ce, Malama. Haka na tarar ana yi."

Sai yarinyar ta ce, "Baba, kunnen dai ake so in kama?" Ta zauna daɓas, ta fitar da silifa, ta ɗaga ƙafa ta saman kai ta cafke kunnen da yatsu. Jama'a! Wata uwa a layi sai salati take. Hedimasta kuwa baki buɗe, har ƙuda ya kusa yin masauki.

Tela ya ce, "Ai ita ke saka min zare a allura."

Malama ta ce, "Kai kuma, baban yarinya, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni, Malama? Kunne ake tambaya."

Malama ta saƙala mata alli a yatsun ƙafa, ta ja ta zuwa aji. Amma abin bai bar ta ta huta ba. In wannan ta dawo, su nawa ne ba su dawo ba? Ta bi gida-gida bayan an tashi. Abin da ta gano ya girgiza ta: yaron da aka kora don bai amsa sunansa ba, ashe kurma ne, wata ana ce mata daƙiƙiya, ashe allon ne ba ta hangowa, wani gurgu a ƙuryar ɗaki, don ba mai goya shi ya hau matakalar aji.

Inna Malama, ke ce kika buɗe waɗannan ƙofofi, uwar yaran da aka ce su dawo baɗi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu zama a tebur, ku sauko ƙasa ku tambayi yaro abin da ya iya kafin ku sallame shi.

Hedimasta dai da hannunsa ya taya ta zuba gangare a bakin ajin kafin ya yi ritaya. Kurman nan kafinta ne yanzu, yana karanta awonsa da kansa. Tela ya tsufa, ya bar wa ƙanin yarinyar shagon. 'Yarsa tana koyar da lissafi a sakandare. Malama kuma tana fama da ciwon gwiwa, kuma har yau ba a turo wadda za ta karɓi ajinta ba.