Sulallan Inna a Maƙerar Gwaram

Mun tashi da asuba daga Kiyako, ni da babbar 'yata, ko koko ban tsaya sha ba. Abin da ya tashe ni sulallan azurfa ne na Innarmu, Allah Ya jiƙanta. Tsofaffin kuɗi ne na zamanin Turawa da ta gada wurin tata uwar, an huhhuda su an jera a zare. Duk sallah sai ta goge su da toka da lemun tsami ta ɗaura a kitso, har kan sarkin da ke jikinsu ya shafe, yawancinsu suka koma sumul. Ranar rabon gado Yayanmu ya ce kayan mata ne, ya bar mana mu ƙannensa mata, amma tunda ba za su rabu daidai ba, a narka su a yi wa kowace zobe. Na ji abin a raina, ban dai ce komai ba. Sai ga matarsa ta kira ni ta ce ya kai su wurin maƙerin fari a Gwaram.

A tashar Birnin Kudu kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direba ya cusa mu kamar buhunan gero, yana ta cewa, "Hajiya, a ɗan muskuta." Ni dai ban ga inda zan muskuta ba, sai ko kan akuyar maƙwabciyata da ke kwance a ƙafafunmu. Hanya ba laifi, ban da ramuka nan da can. Kaka ta yi kyau: dammunan gero a bakin gonaki, an tsayar da riɗi yana shan rana, ga duwatsun nan namu sun yi shiru suna kallon mai wucewa.

Da hantsi muka shiga Gwaram. Motar ta bi ta gaban rumfar maƙerin, har na hango hayaƙi. 'Yata ta taɓa ni ta ce, "Umma, mu sauka nan mana." Na ce a'a. Yaya ne ya kai kayan da hannunsa, ba zan je in karɓo a bayan idonsa ba kamar ba shi da rai. Muka hau mashin sai Maruta, garin da Yaya yake zaune.

A gidan Yaya kuwa kun san yadda ake yi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi gida da yara da shanu ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta dama fura da nono mai kauri, wadda rabona da irinta tun Inna na da ƙarfi. Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi da ludayi a hannu, don haka na sha, zuciyata tana can wurin hayaƙin. Sai da aka ɗauke ƙwarya na yi magana.

Yaya ya dube ni ya ce, "Haba ke kuwa! Ai da kin faɗa tun ranar, wa zai hana ki?" Ya zura takalmi, muka juyo tare.

Maƙerin dattijo ne mai fara'a. Ya ce, "Ayya, Hajiya, da hantsin nan na zuba su." Ya nuna mini wani ɗan curi fari a kasko, bai gama hucewa ba. Ashe gogaggun yake fara narkawa, don masu sauran hoto a jiki akwai masu sayen kayan da, suna biyan su da daraja. Su ya ajiye gefe, waɗanda Inna ba ta cika ɗaurawa ba. Waɗanda hannunta ya cinye kuwa, su ne suka tafi.

Na tsuguna ina kallon curin. Can sai ya jawo wani tsumma, ga guda biyu sumul a ciki. Raminsu ya taɓa yagewa, aka liƙa musu kunne na tagulla, shi ne ya jinkirta su kada tagullar ta ɓata masa azurfa. Na ce a ba ni su a bakin zobena. Yaya ya ce, "Ɗauki," bai iya haɗa ido da ni ba.

Mun iso gida bayan la'asar, sulallan a ƙulle a bakin mayafina. Ban ga laifin Yaya ba, adalci ya nufa. Maƙeri ma sana'arsa ya yi. Abin da tafiyar nan ta nuna mini shi ne, shirun da nake yi don girmama mutane, wani lokaci su kansu ba su nema ba. Da muka zauna na ce wa 'yata, "Ranar da aka zo kan nawa kayan, ki sauka a maƙera tukuna. Kawunki yana nan, kya gaishe shi daga baya."