Abdulhalim Mai Doguwar Gaisuwa

A Garwa ana ta yaɗawa wai gwamnati ta ƙwace muryar Abdulhalim, an ɗura ta a kwalbar manja an toshe, an aika Yawunde a jirgin ƙasa. Har akwai mai shayin da ya rantse ya ji kwalbar tana sallama a tashar Ngaundere. Ƙarya ce tsagwaronta. Muryar taubashina tana nan a maƙogwaronsa, jiya ma da ita ya yi wa wani mai moto, wato ɗan acaɓa, masifa. Gaisuwa ce kawai ya daina ja.

Ɗan gidan 'yan atamfa ne, kakanninmu daga Kano fatauci ya kawo su. Tun yana ƙarami in aka bar masa shago, zai yi ta gaida mai saye har mutum ya manta abin da ya kawo shi. Da Madam Georgette ta buɗe gidan rediyonta mai zaman kansa a unguwar Yelwa, sai ta ba shi filin Hausa, inda jama'a ke bugo waya kai tsaye. Rijiya ta ƙafe a Poli, malamin makaranta ya gudu, an matsa wa direbobi a hanya, duk wurin Abdulhalim ake kai kuka. In ya yi sallama, ko akuya sai ta dakata da tuƙa.

Rannan hukuma ta kira Madam ta ja mata kunne: a sake taɓa wani babba a filin nan, a sa wa ƙofa kwaɗo. Madam ta dawo ta nuna masa maɓallin katse waya. Abdulhalim ya ce shi ba a koya masa katse mutum yana magana ba. Amma filin nan shi ne ransa, don haka ya samo dabara. Da ya ji mai kira ya taho da zafi, sai ya shimfiɗa masa gaisuwa har kiredin wayarsa ya ƙare.

Haka ya yi wa Inna Ummuhani, wata tsohuwa mai bandar kifi a Lagdo.

"Malam Abdulhalim, ɗana ne, masu kaki sun..."

"A'a, Inna! Ina gajiya? Ya Lagdo? Ya ruwa, ya ƙaru? Ya fama da hayaƙi?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ɗana ne..."

"Ya maigida da ƙafar? Ya jikoki?"

Tsohuwa kuwa ba ta iya tsallake gaisuwa ba. Ta yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya har layin ya ɗauke, shi kuma ya saka kiɗa.

Ba a jima ba aka garƙame gidan rediyon, kan wata muhawara da aka yi a filin Faransanci, wadda ko kusa ba ta shafe shi ba. Da zama ya ishe shi, ya hau moto ya tafi Lagdo. Inna ta ba shi ruwa, ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ba ta ce masa uffan kan ɗanta ba. Maƙwabta ne suka gaya masa: masu kakin sun tafi da ɗan nata da kwalekwalensa, har yau shiru. Ita ba zagi ta bugo ta yi ba. So take a ji sunansa a rediyo, don ta yi imani wanda gari ya ji sunansa ba ya ɓata a hannu.

Yanzu yana shagon atamfa. In ka gaishe shi, "lafiya" ɗaya zai ba ka, ya miƙo turmi. Shekaranjiya na ce masa, "Bawana, gwamnati ta ci amanarka. Duk ƙasar nan ba wanda ya taya ta rufe bakin mutane da ladabi kamarka, ko lambar yabo babu?"

Bai ko ɗago kai ba ya ba ni amsa.

"Ni tsoron a rufe rediyo ne ya sa ni. Kai da ka ji Inna kana gida, waya na hannunka, ka yi gum, me za a rufe maka?"