Direban da Ya Bar Mana Barewa

Kafin gari ya waye Reino Salmela yake zuwa ya tada motar makaranta. Zai kankare ƙanƙarar gilashi, ya kunna mata ɗumi, ya zauna da kofinsa yana jira kujeru su daina sanyi kafin ɗan wani ya zauna a kai. Da safe ya kwaso yaran garinmu gaba ɗaya. Da hantsi kuma ya ɗauki 'yan ajin ƙarshe na sakandare ya kai su kwalejin babban gari, tafiyar kusan awa guda ta cikin daji, inda suke ɗaukar darussan jami'a tun ba su gama sakandare ba. Abin da yaro ya ci a can ana ƙirga masa idan ya shiga jami'a. Abin da ya faɗi ma haka yake binsa, ba ya gogewa.

Bana Reino ya ajiye aiki. An yi masa walima a ɗakin cin abincin makaranta, aka yi jawabai kan haƙurinsa da zuwa a kan lokaci. Duk gaskiya ne, amma ba wanda ya ambaci abin da ya fi ci masa rai ya bari. Ni abokin farautarsa ne tun muna samari, don haka ni zan faɗa.

A nan arewacin jihar Michigan ta Amurka, sha biyar ga Nuwamba ranar buɗe farautar barewa ce, kuma ko coci ba ta ja da ita. Makarantarmu kan rufe, don ko an buɗe ba malami ba ɗalibi. Reino kuwa ɗan maharbi ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun bazara yake bin sawu, yana damunmu da labarin wani namijin barewa mai ƙaho kamar reshen itace.

A shekarar da aka fara tsarin nan na kai yara kwaleji, mu duka muka ɗauka tunda makarantarmu ta rufe, kwaleji ma ta rufe. Ba wanda ya tambaya, don wa zai tambayi abin da aka haife shi ya tarar? Ashe mutanen birni ba ruwansu da barewa. Ran nan ma suka sa jarrabawar ɗakin gwaje-gwaje, irin wadda in ka rasa ba a maimaita maka.

Annika Ruotsala ce ta farga da safe. Yarinya ce mai son aikin jinya, kuma makarantar da take hari ba ta ɗaukar mai tabon faɗuwa. A gidansu ba wanda ya taɓa taka kwaleji. Babanta Dale ya tafi daji da motarsu guda, uwarta tana wurin aiki. Ta kira shugaban makaranta, shi ma yana daji. Sai ta kira gidan Reino tana kuka, matarsa Lorna ta ɗauka.

Ina kusa da maɓoyar Reino ta farauta a safiyar nan, na ga abin da idona. Namijin nan ya fito daga cikin itatuwa yana tafe a hankali, Reino ya fara ɗaga bindiga, sai ga ƙarar hon daga bakin hanya. Hon, ranar buɗe farauta! Barewa ta yi tsalle ɗaya ta ɓace. Na rantse da ba Lorna ba ce, da an yi abin kunya a dajin nan.

Ta gaya masa a gurguje. Ya tsaya yana kallon inda barewar ta shige, har na ce ko bai ji ba. Sai ya cire harsashi ya miƙo mini bindigar.

"Riƙe min, Curt. Barewa tana nan gobe. Yarinyar nan gobe ba ta da amfani gare ta."

Da rigarsa ta farauta mai ruwan lemo ya je ya tada motar. Ya ɗauki Annika, ya bi gidajen sauran yana buga ƙofa, har ya fito da wata da rigar barci a ƙarƙashin kwat. Annika ta ba ni labari daga baya cewa tana ta ba shi haƙuri a hanya, shi kuwa ya ce mata, "'Yata, bar ba ni haƙuri, buɗe littafinki. In kika faɗi bayan na rasa wannan ƙaho, ni da ke ne." Sun isa ana shirin rufe ƙofa.

Barewar ba ta jira shi ba. Wani baƙo daga kudu ya harbe ta da yamma, muka ga hotonta a shagon gidan mai. Mun yi wa Reino tsiya har bazara, muna kiransa maharbin littafi, yana dariya. Amma tun daga shekarar, duk sanda sha biyar ga wata ta faɗo ranar karatu, a bakin makaranta yake wayar gari. Ba wanda ya sa shi. Mukan bar masa kujerarsa a sansanin farauta, ya iso da yamma bayan an gama komai, ya ci abin da muka rage.

Reino, kai ne ka gane cewa yaran nan ƙafa ɗaya a garinmu take, ɗaya a wata duniyar da ba ta san al'adarmu ba, kuma dole wani ya tsaya a tsakani. Kai ne ka bar abin da kake so don 'ya'yan da ba naka ba, kuma ban taɓa jin ka yi wa kowa gori ba. Na yi maka dariya shekaru, amma ina alfahari da kai, kuma gara ka ji daga bakina tun kana ji.

Annika yanzu ita ce ke auna mana hawan jini a asibitin garinmu, tana yi mana faɗa kan gishiri. Babanta Dale ba mai magana ba ne. Kowace shekara sai dai Lorna ta buɗe ƙofa ta tarar da cinyar barewa a naɗe.

Da muka ce wa Reino bana dai ranar buɗewa tasa ce, bai yi murna ba. Ya ce, "To wa zai kai yaran?" Muka sunkuyar da kai, kowa na kallon kofinsa. Dale ne ya yi gyaran murya. Ashe tun bazara yake zuwa koyon tuƙin babbar mota, da furfurarsa, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Ya ce maɓoyarsa ta bakin rafi, wadda bai taɓa ba ko ƙaninsa aro ba, ta Reino ce.

Mun gode, Reino. Sauranmu kuma da muka sunkuyar da kai ran nan, Dale ba zai yi tuƙi har abada ba, kuma kwaleji ba za ta fara rufewa don barewa ba. Ka shiga daji da kwanciyar rai, abokina. Bana in ka ji hon daga bakin hanya, yaran ne suke gaishe ka.