Malam Maiwada, Ban Ambaci Sunanka Ba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina tsakiyar taron ƙungiyarmu ta mata manoma a Funtua, 'yarka Fiddausi ta kira ni. Ta ce, "Yaya Fibi, Baba ya rasu ɗazu da hantsi." Kafin in sami mota zuwa Dandume, har an kai ka makwancinka. Haka Allah ya karɓi ran Malam Maiwada, tsohon malamin firamare, yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeruwar jinya.

Malam, ina da shekara goma sha uku ka fara sanina, yarinya mai i'ina daga Mahuta wadda ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa. A aji kullum ina can baya, in aka yi tambaya sai in sunkuyar da kai har a wuce ni. Kai ka hau babur ka zo gidanmu, ka zauna da mahaifina Mark a gindin ɗorawa, ka roƙe shi ya bar ni in riƙa zuwa zaman da kake yi da yara kowace Asabar. Ya ce maka, "Malam, wannan ai dariya za a yi mata." Ka ce, "Za a yi, sau ɗaya ko sau biyu. Daga nan sai a saurare ta."

Ba ka da lasifika, ba ka da dandamali. Wani tsohon turmi ka kife a tsakar makaranta, kowane yaro ya hau ya yi magana ta minti uku a kan abin da ya sani. Ni ka ce in faɗi yadda ake cirar auduga. Na maƙale a kalmar farko, aka yi dariyar kuwa. Ba ka tsawata wa kowa ba, kuma ba ka sauke ni ba. Ka tsaya kana jira, har na kai ƙarshe.

Kowane mako sai ka sauya shugaban zama, namiji ko mace, ɗan masallaci ko ɗan coci. Da famfon unguwa ya lalace, mu ka tura wurin mai unguwa, ka ce ni zan yi bayani. Ka raka mu har ƙofar gida, ka tsaya a waje. Aka gyara famfon, ni kuma daga ranar na daina ɓuya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara da damina aka zaɓe ni shugabar ƙungiyarmu, aka yi biki a Funtua. Ka zo ba tare da na gayyace ka ba, ka zauna a layin ƙarshe da koɗaɗɗiyar rigarka, taɓo duk ya ɓata maka takalmi. Bayan jawabina mai gabatarwa ya tambaye ni a ina na koyi magana haka. A babban tebur akwai baƙi daga Kaduna waɗanda suka taɓa ba mu horo na mako biyu, ina kuma son su ci gaba da tallafa mana. Sai na nuna su, na ce su ne suka buɗe mini baki. Aka tafa. Ina ganinka, kai ma ka tafa.

Da aka watse ka same ni a bakin ƙofa. Ka ce, "Fibi, kin yi ƙoƙari. Amma a ƙarshe kin riƙa kallon ƙasa. Ki kiyaye wannan." Na ce, "To, Malam." Ka tayar da babur ka tafi. Ka san dalilin da ya sa na kalli ƙasa, na kuma san ka sani.

Wata goma sha huɗu ina cewa zan zo in ba ka haƙuri. Na bi ta Dandume ya fi sau goma, kowane lokaci sai in ce wa kaina ina sauri. Ba sauri ba ne. Ni da nake tsayawa gaban mata ɗari uku, na kasa tsayawa gabanka.

A zaman makoki Fiddausi ta ja ni gefe. Ta ce, "Baba ya bar miki saƙo. Ya ce yaran Asabar su goma sha bakwai ne, kuma ke kaɗai ya yarda ya bar wa su." Na tambaye ta ko ka taɓa yi mata maganar bikin Funtua. Ta ce ka dawo kana murna, kana cewa ɗalibarka ta zama shugaba, iyakar abin da ka faɗa ke nan.

Asabar ɗin da ta wuce na je. Kafin kowa ya yi magana na faɗa wa yaran abin da na yi maka, ban rage komai ba. Ga shi yau na faɗa wa duniya: Malam Maiwada ne ya koya mini magana.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da mafificin alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga iyalinka, Inna Hansai, da Fiddausi, da Abdulmutallib, da dukan jama'ar Dandume. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ni kuma ya yafe mini.