Shaidar Kamalu Mai Tura Fim

Duk wanda ya sauka a tashar Dogon Dutsi ya nufi kasuwa, sai ya bi ta gaban rumfar Kamaluddeen, ko yana so ko ba ya so. Rumfa ce ta kwano, da tebur, da benci, da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure wa murfi da roba. Sana'arsa tura fim. Ka miƙa masa wayarka ko ɗan katin memuwar na cikin waya, ka faɗi irin wanda kake so, ya zuba maka, ka tafi gida ka kalla. Sana'a ce kamar kowace, kuma da ya tsaya a kanta da babu mai abin faɗa a kansa.

Haifaffen Gesheme ne, ɗan manomin gero. Tun yana ƙarami aka gane shi da hauya ba za su taɓa shiri ba. In za a fita gona shi ne mai ciwon ciki, in an dawo kuma shi ne mai kai wa tsohonsu rahoton wanda ya yi barci a gindin gawo. Ya yi karatu har kolej, jarrabawa ta kayar da shi, ya ce malamai ne ba sa ƙaunarsa. Daga nan ya tattaro ya zo Dogon Dutsi wajen wani ɗan garinsu mai cajin waya, ya zauna yana jona wayoyin mutane yana leƙa hotunan da ke ciki. Da ya samu kwamfutar nan sai ya buɗe tasa rumfar, ya tsayar da gemu, ya rage tsawon wando, ya sa lasifika yana sakin karatu tun safe.

Kaya kam yana da su, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Duk sabon fim da ya fito, kafin a ci kasuwa biyu wani direba ya kawo masa daga Sakkwato. Akwai na Indiya masu fassarar Hausa, da na Turkawa masu takubba da dawakai waɗanda ba sa ƙarewa, da na Koriya inda saurayi yake kuka saboda budurwa. Akwai na Sin masu tsalle a kan rufin ɗaki, da na Amurka na harbe-harbe, da na ban tsoro, da na Hausa masu dogon zango, da na barkwanci, da zanen yara. 'Yan kabu-kabu su ce a ba su na duka. Makiyaya su shigo ranar kasuwa da wayoyin 'yan ruga gaba ɗaya a ƙulle cikin leda, su ce a cika musu da masu waƙa. Matan aure su aiko a zuba musu ci gaban na makon jiya. Samarin 'yan kasuwa kuwa wa'azi suke fara tambaya da ƙarfi, sannan su rage murya su faɗi abin da ya kawo su.

Kamalu ya yi wa kowa murmushi, ya zuba masa, ya ce a gaida gida. Mutum na juya baya sai ya ja tsaki. A wurinsa duk garin nan 'yan shashanci ne, manya da yara, shi kaɗai ne Allah ya tsare. In ka ce masa ai shi ma yini yake yi da ido a kan allo, sai ya ɓata rai ya ce shi ba kallo yake yi ba, tantancewa yake yi.

To, kowa ya san ba a ba da 'ya sai an yi bincike. A tambayi liman ko yaro yana zuwa masallaci, a tambayi maƙwabta halinsa, a tambayi abokan sana'arsa. Wata rana wani dattijo ya zauna a bencin Kamalu yana jiran mota, hira ta yi hira, ya tambaye shi ko ya san wani tela da ke neman jikarsa. Kamalu ya ce ya san shi, har ya san abin da yake kallo in ya rufe shago. Ya faɗa, aka fasa auren. Ranar nan Kamalu ya gano abin da aka halicce shi dominsa.

Kafin shekara ta zagayo, ba a kammala bincike a Dogon Dutsi sai an biyo ta rumfarsa. Ba ya karɓar ladan komai, kuma yana son a san haka. Ladansa shi ne ya ga mai furfura ya cire takalmi ya zauna a bencinsa yana ce masa Malam Kamalu. Ƙarya ma ba ya yi. Abin da yake yi ya fi ƙarya ƙazanta: sai ya zaɓi gaskiyar da zai faɗa, ya danne wadda bai ga dama ba. Wanda yake gaishe shi da ladabi, sai a ji tarihin sarakuna kawai yake kallo. Wanda ya taɓa yi masa dariya, to ranar nan za a ji har da abin da ya kalla yana ɗan sakandare. Samari suka koma suna sunkuya masa a hanya suna zaginsa a ciki, shi kuwa yana ɗauka girma ne.

Akwai mace ɗaya da yake so, kuma so na gaske, irin wanda yake hana mutum jin daɗin tuwo. Sunanta Nazifa, malamar firamare ce, 'yar Alhaji Rabilu mai sayen wake. Kullum da safe takan wuce ta gaban rumfarsa, ba ta taɓa juyowa ta dube shi ba. A bayan babur ɗin Huzaifa take wucewa, wani ɗan kabu-kabu mai yawan fara'a da yake kai ta makaranta, kuma duk gari an san ya tura manyansa gidansu, ita ma tana son sa.

Huzaifa yana cikin masu zuwa rumfar. Kati biyu yake kawowa. Ɗaya nasa ne, ƙwallo da barkwanci kawai ake zuba masa. Ɗayan yana da ɗigon jan biro a bayansa, shi kuma wani fim ɗin Indiya mai dogon zango ake zubawa, na soyayya, mai waƙa da rawa. Kamalu ya san mai katin tun ranar farko, don ya buɗe ya ga hotunan Nazifa da 'yan ajinta. Ya kuma san dalilin da ba ta zuwa da kanta. Alhaji Rabilu mutum ne mai tsauri, ko talabijin bai yarda ta shiga gidansa ba.

Ranar da Alhaji ya zo bincike a kan Huzaifa, Kamalu ya share masa benci da hularsa.

"Baba, ni ba ni son ɓata yaro," in ji shi, yana sunkuyar da kai.

"Hwaɗi abin da kas sani, ɗana. Amana ta."

"Salla kam shina yi, ban raba shi da ita ba. Sai dai hina-hinan Indiya, Baba. Mata na rawa cibi waje, ruwan sama na dukan su. Sati bai wucewa sai ya taho an zuba mai."

Bai ambaci jan ɗigo ba. Alhaji ya yi salati, ya tashi, ya aika wa manyan Huzaifa cewa a dakata. Huzaifa ya ji dalili, ya haɗiye, don bai yarda ya wanke kansa da sunan yarinyar ba. Nazifa ta koma tafiya makaranta a ƙasa, ta wata hanyar da ba ta bi ta tasha.

Kamalu bai ma bari ƙura ta lafa ba. Damina na faɗuwa ya sa aka taso masa da ƙannen tsohonsa daga Gesheme, suka je gaisuwa gidan Alhaji. Alhaji ya ji daɗi, don a ganinsa yaron da ya tsamo 'yarsa daga halaka ai ya cancanci a duba shi. Amma shi ba mai yi wa 'ya dole ba ne. Ya kira Nazifa ya gaya mata, ta saurara har ya gama, ta ce ba ta ƙi ba, sai dai a bincike shi kamar yadda aka binciki wancan.

Nan Alhaji ya rasa inda zai nufa. Ya tambayi liman, liman ya ce sahun farko yake salla. Ya tambayi 'yan tasha, suka dubi juna suka ce ai shi ake tambaya, su wa za su ce. Ƙarshe dai ya ɗauki sandarsa bayan la'asar ya nufi rumfar. Kamalu na hango shi ya ƙara sautin karatu, ya gyara hula, don ya tabbata ranar sa rana ce ta zo.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Kamalu, ni ban taɓa kallon abin ga naku ba. Ɗiyata tac ce in tambaye ka abu guda. Wai ƙaƙa kaka gane hilim na kirki da na banza?"

Wato Nazifa ce da kanta take son sanin aikinsa! Kamalu ya ji kansa ya kumbura. Ya gyara zama, ya dafa kwamfutar kamar mai dafa kan ɗansa.

"Baba, ai aiki na ba ƙarami ba. Babu hilim da ka shiga ordinater ɗin ga ban kalle shi tun hwarko har ƙarshe ba. Ko guda."

"Duka?"

"Duka, Baba. Wani ma sai na maimaita, don in tabbatar."

"Har wanda kac ce Huzaihwa na ɗauka?"

Kamalu ya yi 'yar dariya. "Wanga ai wasan yara na. Akwai waɗanda sunka hi shi muni nesa ba kusa ba. In kun ga abin da Turawa ka yi, Baba, ba ku iya cin abinci. Waɗannan ban ba kowa su, na ɓoye su wuri guda, don in tsare al'umma."

"Ka goge su ke nan."

"A'a, Baba. Ai sai da su nika gane sababbi in sun taho."

Alhaji ya ɗago kai. Ya dubi kwamfutar, ya dubi gemun Kamalu, ya sake duban kwamfutar. A hankali ya ja rigarsa da ta taɓa ƙafar teburin, ya matsa can ƙarshen benci. Sai a lokacin Kamalu ya fara jin abin da bakinsa ya faɗa, ya shiga kame-kame, yana cewa ai niyya ake dubawa, ai likita ma yana taɓa ciwo. Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Na hana yaro ɗiyata don ya kalli guda," in ji shi. "Kai kau ka kalli dubu, kana ajiye da su, kana sayar ma ɗiyan mutane, kuma ni da hurhurata nit taho nan ina tambayar ka wa ad da tarbiyya. Allah shi gahwarta mini."

Ya sa takalminsa ya tafi, bai yi sallama ba.

A makon nan aka aika wa manyan Huzaifa su dawo. Da kaka ta yi, aka sayar da wake, aka ɗaura aure. Kamalu ya kwana biyu yana tunanin ya je ya gaya wa Alhaji mai katin nan na gaskiya, sai ya tuna tambayar da za ta biyo baya, wato tun yaushe ya sani, kuma me ya sa bai faɗa ba. Ya haƙura ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Kada a ɗauka mutanen gari sun yi zuciya sun daina zuwa wurinsa. Ina! Har gobe dattawa suna zama a bencin nan suna tambayarsa sirrin 'ya'yan wasu, don su ma ba su fi shi da yawa ba. Su saurara, su yi salati, su ce Allah ya yi albarka, su tafi. Amma a cikinsu babu wanda ya taɓa cewa, Malam Kamalu, ina da 'ya. Ya gwada nema a Tibiri, ya tarar labari ya riga shi isa. Ya gwada a garinsu Gesheme, aka ce masa yarinyar tana karatu. Gemu ya fara fari a gefe, yana nan a ɗakin haya shi da kwamfuta.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, Huzaifa ya tsaya da babur a gaban rumfar. Ya yi ƙiba, rigarsa a goge. Ya yi sallama da fara'arsa ta kullum, babu alamar riƙo a fuskarsa, ya ciro ɗan kati daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Jan ɗigon yana nan, ya ɗan koɗe.

"Madam tac ce a zuba mata ci gaban na Indiyan nan," in ji shi. "Na tambaye ta kashi na nawa, tac ce in dai ba ka katin, kai ka san inda tat tsaya."

Ya sani kuwa. Ya san kashin, ya san wurin, ya san har waƙar da aka tsaya a kanta. Wani dattijo yana zaune a benci yana jiran a gama a ba shi labarin saurayin 'yarsa. Kamalu ya ɗauki katin, ya jona, ya nemo mata daga inda ta tsaya.